Yadda na gyara ƙararrawar shagona mai kukan banza

Sau 3 cikin mako guda ƙararrawar shagona a Mabera ta tashi unguwa da tsakar dare, babu ɓarawo babu dalili. Maƙwabcina ya ce, "Alhaji, in ta ci gaba haka, ranar da ɓarawon gaske ya zo ba mai fitowa." Maganar ta tsaya mini a rai.

Na taka kujera na duba na'urar gano motsin. Ashe tsaka ce ke bi ta kanta, ga yana da ƙurar hunturu sun lulluɓe idon. Na goge, na toshe ramin wayar. Batirin ma ya mutu, da an ɗauke wuta sai ta rikice. Na sa sabo. Kwana 20 ke nan shiru, amma da na gifta don gwaji, nan take ta ɗauka.