Kurakuran da masu riƙon karen boda-koli suka fi yi kafin a sama masa gida

A Birtaniya, ƙungiyoyin ceton karnuka irin su Dogs Trust da RSPCA suna da tsarin damƙa kare a hannun ɗan sa-kai, ya zauna da shi a gidansa na makonni ko watanni, har zuwa ranar da za a sami wanda zai ɗauke shi dindindin. Wannan shi ne riƙo, kuma ma'anarsa ba ta yi nisa da wadda muka sani ba, domin amana ce aka ba mutum, kuma akwai ranar da za a zo a karɓa. Yawanci ƙungiyar ce ke ɗaukar nauyin abinci da kuɗin likita, mai riƙo kuwa ya ba da wurin kwana da lokaci da haƙuri. Boda-koli yana cikin karnukan da suka fi ba sabon mai riƙo wahala, kuma yawan waɗanda masu su ke kasa riƙewa ya kai har akwai ƙungiya a yankin Staffordshire, mai suna Border Collie Trust GB, wadda babban aikinta shi ne karɓar wannan jinsi da sama masa gidaje.

Tushen yawancin kurakurai shi ne mantawa da aikin da aka zaɓo wannan kare domin ya yi. Asalinsa tuddan kan iyakar Ingila da Sikotilan ne, inda makiyayi ke buƙatar karen da zai yi nisa shi kaɗai, ya kewaye garken tumaki, ya koro su da jin fito kawai. Karen da ake ɗauka a matsayin kakan jinsin, Old Hemp, an haife shi a 1893 a hannun Adam Telfer na Northumberland, kuma abin da ya sa ya yi suna shi ne yadda yake juya tumaki shiru, ya sunkuyar da kai, ya kafa musu ido, ya bi su da sanɗa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Karen da aka kawo maka daga wata gona, ko daga gidan da ya gagari mutanensa, yana ɗauke da wannan gado, kuma idan bai ga tumaki ba zai nemi madadinsu a motoci da kekuna da masu gudun motsa jiki da yara. Mutane da yawa sukan ɗauki wannan abin dariya a karon farko, su bar shi yana kewaye yara a tsakar gida har ya fara ɗan cizon dunduniyarsu. Gyaran shi ne a lura da alamar farko, wato daskarewar jiki da kafa ido, a kira sunansa a daidai lokacin, a ba shi ɗan abinci idan ya juyo, a kuma ƙara tazara tsakaninsa da abin da ya ɗauke masa hankali. Da zarar ya riga ya zabura, kira ba ya shiga kunnensa, saboda haka tazarar ita ce rabin aikin.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa, wanda kuma kyakkyawar niyya ce ke jawo shi, shi ne ƙoƙarin gajiyar da karen. Mai riƙo ya ji ana cewa boda-koli ba ya gajiya, sai ya ɗauki ƙwallo ya tafi fili, ya yi ta jefawa na tsawon awa guda safe da yamma, yana zaton da haka za a sami zaman lafiya a gida. Abin da yake samu bayan 'yan makonni shi ne kare mai ƙarin ƙarfi da dogon numfashi, wanda ba ya iya kwanciya, yana ajiye ƙwallo a gaban kowa yana haushi, idan kuma aka ɓoye ƙwallon ya nemi takalmi ko kwalba. Jifan ƙwallo yana tayar da ainihin sha'awar kora da ake son a kwantar, ga shi kuma tsayawar farat ɗaya da juyi da gudu suna lahanta gaɓoɓi. A ganina, abin da karen riƙo ya fi rasawa a rayuwarsa ta baya shi ne koyon zama ba tare da aiki ba. Karen da ya gama girma yakan yi barci kimanin awa 12 zuwa 14 a kwana guda, kuma boda-kolin da ke cikin damuwa ba ya samun hakan sai an tsara masa. A rage ƙwallo zuwa 'yan mintuna ko a jingine shi ɗungum na wani lokaci, a maye gurbinsa da tafiya a hankali inda za a bar shi ya sansana ƙasa son ransa, a watsa abincinsa cikin ciyawa ya nema da hanci, a ba shi abin tauna, sannan a shimfiɗa masa tabarma a saka masa da lada duk lokacin da ya kwanta a kai da kansa. Horo na mintuna biyar sau biyu ko uku a rana ya fi gajiyar da kansa fiye da dogon gudu.

Kaifin basirarsa ma yakan yaudari mutane. Wata karya ta wannan jinsi mai suna Chaser, wadda Farfesa John Pilley ya horar a Amurka, ta haddace sunayen kayan wasa 1,022, kuma irin wannan labari yakan sa a yi zaton karen zai gane dokokin gida da kansa. Saurin da yake koyon abin kirki, da shi yake koyon abin banza. Idan ya yi haushi aka buɗe masa ƙofa sau biyu, to ya gama darasi. Shi ya sa ya kamata mutanen gida su zauna tun kafin zuwansa su yarda da kalmomi iri ɗaya da dokoki iri ɗaya, kada uwar gida ta hana shi hawa kujera, mai gida kuma ya kira shi ya hau.

Sai batun kwanakin farko, inda gaggawa ke ɓata abubuwa da yawa. Masu aikin ceto suna da wani ƙiyasi da suke maimaitawa, cewa kare yana buƙatar kamar kwana uku ya huce daga firgici, mako uku ya gane tsarin gida, wata uku ya saki jiki. Ba ma'auni ba ne na kimiyya, amma yana hana mutum yanke hukunci da wuri. Karen da ya girma a rumfar gona mai yiwuwa bai taɓa ganin matakalar bene ko talabijin ko injin wanki ba, don haka gayyato maƙwabta su zo ganinsa, da yi masa wanka a ranar farko, da kai shi wurin shaƙatawa mai cunkoso, duk ƙarin nauyi ne. A ware masa kusurwa mai shiru, a bar shi ya zo wurin mutane da ƙafarsa, kada a sunkuya a kansa ko a zura masa ido, domin a wurin kare wannan barazana ce. Idan ya yi shiru ƙwarai a kwanakin nan, kada a rubuta cewa kare ne mai sanyin hali, saboda sau da yawa tsoro ne ya ɗaure shi, halinsa na gaskiya sai daga baya yake fitowa.

A wannan lokaci ne kuma karnuka suka fi ɓacewa. Boda-koli yana iya tsallake shingen da ake ganin ya isa, yana kuma iya zame kansa daga abin wuya idan ya ja da baya a firgice. A duba shinge tun kafin ya iso, a riƙa fita da shi da igiya mai maɗauri biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ɗamarar ƙirji, ko da a lambun gida ne a kwanakin farko, kuma kada a kwance shi a waje sai da izinin ƙungiyar. Tun watan Afrilun 2016 doka ta wajabta sanya wa kowane kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata a Ingila da Sikotilan da Wels, wata doka ta 1992 kuma ta ce sai ya sa abin wuya mai ɗauke da sunan mai shi da adireshinsa a bainar jama'a, amma duk waɗannan ba sa hana mota buge shi. Mafi haɗari shi ne sakinsa kusa da tumaki don a ga ko ya iya kiwo. Korar dabbobin gona laifi ne a ƙarƙashin wata doka ta 1953, a Sikotilan tun 2021 tarar tana iya kai fam 40,000 ko ɗaurin wata 12, kuma doka ta ba manomi kariya idan ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa alhali babu wata hanyar tsayar da shi.

Wanda ya taso a inda kare mai gadi ne ko abokin farauta, mazauninsa waje, yakan yi tunanin ɗaure shi a bayan gida. Ƙungiyoyin nan suna ba da riƙo ne domin karen ya koyi zaman cikin gida, kuma boda-kolin da aka ɗaure yana kallon masu wucewa ba zai daɗe ba ya fara haushi da zarya. Mai son tsare ɗakin da yake salla ko ɗakin girki ya sa 'yar ƙofar shinge irin wadda ake tare jarirai da ita, ya kuma faɗa wa ƙungiyar iyakokinsa tun farko.

Tsawa da duka suna lalata wannan jinsi fiye da yadda ake zato, domin kare ne mai saurin karaya. Babban kuskure a nan shi ne hukunta gurnani. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka koya wa cewa gargaɗi yana jawo masa duka zai daina yinsa, ya wuce kai tsaye zuwa cizo. Idan ya yi gurnani a kan kwanon abinci ko a wurin kwanciyarsa, a ja da baya, a rubuta abin da ya faru kafin nan, a sanar da ƙungiyar a ranar. Abin wuya mai jan lantarki kuwa an haramta shi a Wels tun 2010, kuma ƙungiyoyin ceto ba sa yarda da shi.

Ta fannin ciki da magani, maganar gajera ce. Sauya abinci farat ɗaya yana kawo gudawa, don haka a gauraya sabo da tsoho a hankali na kimanin mako guda. Cakulan da inabi da zabibi da albasa guba ne ga kare, haka ma magungunan ciwon jiki na mutane. Kada a ba shi maganin tsutsa na tumaki ko dawaki, domin akwai wata matsalar gado mai suna MDR1 da ke sa ivermectin, wani sinadari da ke cikin wasu daga irin waɗannan magunguna, ya taɓa ƙwaƙwalwa, wadda ta fi yawa a sauran dangin koli amma ana samunta jefi-jefi a wannan. Farfaɗiya ma sananniya ce a jinsin. Idan ta tashi, a janye kayan da zai iya bugewa da su, kada a sa hannu a bakinsa, a duba agogo, a ɗauki bidiyo in da hali, a kira likitan dabbobi nan take, musamman idan ta wuce minti biyar.

Akwai kuma wasan da ya kamata a hana yara tun ranar farko, wato haska masa ɗigon jan haske ko walƙiyar madubi a bango ya bi. Boda-koli yana da saurin kamuwa da bin inuwa da haske har abin ya zame masa lalura, ya wuni yana kallon ƙasa, kuma warwarewar tana ɗaukar watanni. Ƙara ma tana firgita shi, saboda haka idan riƙon ya faɗo kusa da 5 ga Nuwamba ko daren sabuwar shekara, lokacin da ake wasan wuta a ko'ina, a fita da shi tun da rana, a ja labule, a kunna rediyo, a bar shi ya ɓuya inda ya zaɓa.

Tausayi kansa yana da nasa kuskuren. Mai riƙon da ba ya barin karen shi kaɗai ko na minti ɗaya, yana kwana da shi a gado, yana ba shi abinci daga faranti, yana shirya masa rayuwar da gidan gaba ba lallai ne ya iya ci gaba da ita ba. A fara barinsa na minti biyu, sannan biyar, sannan goma, ana ƙarawa gwargwadon natsuwarsa, ba tare da wuce awa huɗun da ƙungiyoyin suke ba da shawara ba.

Wannan tausayi ne kuma yake kai mutum ga kuskuren da na fi ganin illarsa, wato ƙawata rahoto. Mai riƙo yana son karen ya sami gida da wuri, sai ya ɓoye cewa ya taɓa kai wa mai keke hari, ko ya rubuta cewa yana son yara alhali yaro ɗaya kawai ya gani daga nesa. Sakamakon shi ne a kai shi gida mai ƙananan yara a bakin babban titi, a dawo da shi bayan mako biyu da tarihin cizo, wanda zai ƙara tsawaita jiransa. Alhali duk amfanin riƙo shi ne mai riƙo yana ganin abin da ma'aikatan wurin ajiyar karnuka na ƙungiyar ba za su gani ba. A ajiye littafi, a riƙa rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru, da tazara da lokaci: ya ga mota daga nesa ya juyo da aka kira shi, amma a gefen titi ya zabura, ya zauna shi kaɗai minti arba'in ba haushi, bai taɓa haɗuwa da kyanwa ba. Ranar miƙa shi, a haɗa wa sababbin masu shi wannan littafi, da jerin kalmomin da ya sani, da lokutan cin abincinsa da fitarsa, da abincin mako guda, da bargon da ya saba kwanciya a kai ba tare da an wanke shi ba.