Kurakuran da dangin mamaci ke yi bayan haɗarin mota

Na gaji da ganin iyalai a nan Kaduna suna zubar da haƙƙin marayu tun ba a tashi zaman makoki ba. Mota ta kashe magidanci a baifas ko a hanyar Abuja, shugabannin tasha su zo gaisuwa da buhun shinkafa da ɗan ambulan, a miƙo takarda, baffa ya dangwala yatsa: mun yafe, ƙaddara ce.

Ƙaddara ce, babu musu. Amma wa ya ba baffa ikon yafewa? Diyya gado ce, ta matar mamaci ce da 'ya'yansa da iyayensa. Baligi na iya yafe kasonsa, na ƙaramin yaro kuwa ba abin kyauta ba ne. Haka aka yi mana da yayana ya rasu wajen Mararrabar Jos. Aka sa hannu matarsa na ɗaki tana takaba, ba wanda ya leƙa ya ji ta bakinta. Yau ita ke suyar awara a ƙofar gida don kuɗin makarantar yara. Ku ji tsoron Allah! Ni dai yanzu ba a sa hannu a gabana sai bayan sadakar bakwai, kuma sai lauya ya karanta.

Sai masu ganin tunda 'yan sanda sun tsare direba, an gama. Waccan shari'ar tsakanin hukuma ce da direba. Magada sai sun shigar da tasu ƙarar ta neman diyya, su haɗa da mai motar in direban a bakin aikinsa yake. Inshorar nan ta dole, wadda ta koma naira 15,000 ga ƙaramar motar gida tun Janairun 2023, ta ƙunshi ran wanda aka kaɗe. A duba lambar motar a rumbun NIID, wato rumbun bayanan inshora na ƙasa da ke intanet, don inshorar bogi ta yi yawa, sannan a sanar da kamfanin inshorar a rubuce.

Jinkiri ma yana kashe ƙara. In motar gwamnati ce, dokar kare jami'ai wata 3 kacal ta bayar.

Mu da muke gaggawar kai gawa, a karɓi takardar shaidar rasuwa daga asibiti tukuna. A nemi rahoton 'yan sanda da zanen wurin, da na VIO, jami'an duba lafiyar motoci. Lambobin shaidu kuwa a karɓa tun a bakin titi, kafin masu keke su watse.