Zaɓen harsashin da ba ya ɓata fatar dila

A majema na tashi, nan Damagaram, cikin warin bagaruwa da toka. Duk fatar da ta zo hannun Baba, kafin ya yi maganar kuɗi sai ya ɗaga ta ga rana ya ƙidaya hujojinta. Daga baya karatun likitan dabbobi ya kai ni Kanada, na yi hunturu uku a Saskacewan, inda na riƙa bin wani mai kiwon tumaki farautar koyoti, wato dilan ƙasarsu. Ya ɗan fi namu girma, yawanci kilo 10 zuwa 18, kuma daga Nuwamba zuwa Janairu gashinsa kan yi kauri da laushi, har a saye shi a sa a bakin hular rigar sanyi.

Fatar farko da na kawo gida tsaraba, Baba ya shimfiɗa ta bisa tabarma, ya shafa gashin, ya gyaɗa kai. Da ya juya ta sai ya zura dunƙulen hannunsa ta bayan kafaɗa, hannun ya wuce har wuyansa. Ya ce, "Kai, yaro, harbinsa ka yi ko gatari ka sa masa?" Da bindigar .243 Winchester na harbe shi, da harsashin da aka yi don barewa. Laifina ne.

Inda harsashi ya shiga ba ya ɓata fata. Mai faɗin milimita 5.6 hujinsa bai kai kaurin fensir ba, gashi ma ya rufe shi. Ɓarnar tana wajen fita, don a lokacin harsashin ya buɗe, ya kuma kwaso guntayen ƙashi yana turawa gabansa. Ƙirjin koyoti kuwa daga gefe zuwa gefe bai fi taƙi guda ba. Saboda haka abin nema shi ne harsashin da zai ratsa fata da haƙarƙari, ya tarwatse cikin huhu, ƙarfinsa ya ƙare nan ciki.

Irin da aka yi don wannan aiki yana da siririyar riga ta jan ƙarfe bisa dalma mai laushi, da ɗan tsinin roba a baki. Yana taɓa nama tsinin ya koma ciki kamar tsinke, rigar ta yage. V-Max na kamfanin Hornady, Ballistic Tip na Nosler da BlitzKing na Sierra duk ƴan gida ɗaya ne. Nauyinsu da giren ake aunawa, giren 15 da ɗoriya ne giram guda. Mai giren 50 ko 55, wato giram uku da ƴan kai, shi na fi yarda da shi.

Sai dai gudun da ke sa shi tarwatsewa ba ya zama ɗaya a ko'ina. A bindigar .223 Remington mai giren 55 yana barin baki da kusan mita 990 a daƙiƙa. A .22-250 yana kai 1,100 har ya wuce. Kafin ya ci mita 300 ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan gudu. To, a mita 50, da .22-250, in ya dace da allon kafaɗa, tun a waje yake fashewa. Na ga haka da idona wata asuba: dabbar ta faɗi, ta miƙe, ta ruga, kafaɗarta a buɗe kamar faɗin faifai, huhu kuwa ko ƙwarzane. Sai da muka bi jini bisa ƙanƙara kusan kilomita guda. Fata ta tafi, dabba ta sha wahala a banza, wannan ya fi asarar fatar ciwo. Wannan harsashin dai, a mita 250, huji ɗaya ne tak, dabbar ta zube inda take. Can bayan mita 400 kuma gudun ya yi sanyi, sai ya buɗe rabi da rabi ya fita ta ɗaya gefen, amma hujin kan tsaya kamar kwabo, allura na iya masa.

Don haka kafin ka je sayen harsashi, tambayi kanka tsakaninka da Allah daga ina ka saba harbi, ban da cika bakin da ake yi a majalisar shayi. In kira kake yi da usur dabba ta zo maka mita 100 zuwa 200, .223 da giren 50 ya ishe ka. In fili ne fetal, dabba ta tsaya nesa ta ƙi matsowa, .22-250 da giren 55 ya fi miƙewa, amma wanda ya ɓullo maka kusa ka jira ya ba ka haƙarƙari.

Masu son fata ƙwarai suna sauka ƙasa da haka. .17 Remington, da ta fito a 1971, tana jefa giren 25 kacal da gudun da ya haura mita 1,200, sai ka yi ta lalube kafin ka ga inda ya shiga. .204 Ruger ta 2004 tana da giren 32 da 40, ni dai 40 nake zaɓa, don 32 ya cika fashewa a kan ƙashi. Matsalarsu iska. Iskar Saskacewan ƙanwar ta hunturunmu ce, wadda ke tasowa daga Tanut ta rufe Birni da ƙura. Ko mai giren 55, iskar gefe ta kilomita 16 a awa tana kauce da shi kamar santimita 30 a mita 300. Ka yi bara ga ƙirji, ya sauka a tumbi.

Wannan ne ke sa wasu komawa ga dogayen harsasai masu giren 69 zuwa 77, irin na gasar harbi. Iska ba ta cika wasa da su ba, gaskiya ne. Amma don takarda aka yi su, a nama ba su da alƙawari: yau su wuce kamar basilla, gobe su juya gicciye su yage gefe guda. Kuma ba kowace bindiga ke riƙe su ba. Cikin bututun bindiga akwai zane mai murɗa harsashi, ana rubuta shi 1:12 ko 1:8, wato juyi ɗaya a inci 12 ko 8. Dogo yana son 1:8, ko 1:9 ga mai giren 69. Yawancin tsofaffin .22-250 kuwa 1:14 ne, in ka sa musu dogo sai ka ga hujin a takarda ya yi kwance. Duba naka kafin ka zuba kuɗi.

Mai rufaffiyar riga, irin na soja, manta da shi. Hujinsa ƙarami ne, amma dabba kan tafi da shi ta mutu a rami, kuma in ya bugi fako yana tashi ya nufi inda ba ka aike shi ba.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Jera jarkoki huɗu na lita biyar cike da ruwa, bayansu tudun ƙasa, ka harba daga tazarar da ka saba. In ya tsaya a ta farko ko ta biyu, kana ganin ɓurɓushin dalma a ƙasan ruwa, ya yi. In ya ratsa huɗun, na barewa ne.

A nan gida, dilanmu ya fi koyoti ƙanƙanta, gashinsa gajere, huji ba ya ɓuya a jikinsa, mai giren 40 ma ya wadatar. Amma takarda kafin komai: ta riƙe bindiga, da izinin farauta daga ma'aikatan gandun daji bisa dokar 1998. Gandun Termit da Tin Tumma, da aka keɓe a 2012, ba wurin harbi ba ne. Harsashin .223 kuma kamarsa ɗaya da na soja, ba abin da za a gani a aljihunka a shingen hanyar Gure ba ne.

In huji ya samu, toshe shi da tsumma nan take kada jini ya bi gashi, jinin da ya zuba kuma a wanke da ruwan sanyi. Bayan fiɗa, ɗinke tun fatar tana ɗanya, ta gefen nama, da siririyar allura da zare mai kakin zuma, ɗinki kusa da kusa, kana ture gashin waje da yatsa. In ta bushe, hujin ya daskare a buɗe, ja kuma sai yagewa. Tawa ta farko ta wuce ɗinki. Baba ya yanke ta biyu, ya ba wani baduku rabin baya ya yi wa jaka marfi, wutsiyar kuma tana nan rataye a zaure.