Yadda Ake Sauya Ƙarfen Cikin Madigadi Idan Tsatsa Ta Cinye Shi

Ƙarfen da ke bayan madigadi, tsakanin taya da ɗakin injin, nan tsatsa ta fi samun wurin zama a tsohuwar mota, domin duk laka da ruwan da taya ta watso a nan suke maƙalewa. A motoci da yawa shi ne ke ɗauke da kan shokazoba, saboda haka ba wurin da za a shafe da fila (ƙullin cike lotsawar jikin mota) a rufe ba ne. Sai an yanke an sa sabo.

Da farko ka cire kan batir, ka kwance bamba da bonet da madigadin waje, ka janye wayoyi da tiyon mai da bututun birki nesa da inda wuta za ta kai. Sannan ka bi ƙarfen kana sokawa da sukudireba. Inda ya burma, ko ya riƙa zubowa ɓawo-ɓawo, ya mutu. Ka gurje har sai ka ga ƙarfe mai sheƙi, don tsatsa takan wuce inda ido ya gani.

Kada ka yanka komai sai ka yi awo, kuma a nan nake so a fi natsuwa. Ka daidaita motar a kan matokarai, ka auna daga kan shokazoba na dama zuwa na hagu, ka kuma auna a gicciye zuwa ramukan notin gaba, ka rubuta. Ka ɗana sandar ƙarfe tsakanin ɓangarorin biyu da ɗigon walda, don kada bodin ya motsa idan an cire tsohon. In lambar shasi tana jikin wannan ƙarfen, ka nemi izinin hukumar rajistar motoci kafin ka taɓa wurin.

Da ɗigo-ɗigon walda kamfanin da ya ƙera motar ya haɗa wannan ƙarfen da bodin. Idan ka goge fentin gefen za ka ga ƙananan lotsawa a jere. Ka huda kowanne da bakin huda na milimita 8, amma ƙarfen sama kaɗai, ka bar na ƙasa lafiya, sannan ka raba su da siririn cizal a hankali.

Sabon ƙarfen ya kasance kauri ɗaya da tsohon, yawanci wajen milimita 1. Ka riƙe shi da filaya mai kulle da 'yan sukurori, ka mayar da madigadi da bonet, ka rufe ƙofa ka duba tazarar da ke tsakaninsu. In ba ta tafi daidai daga sama har ƙasa ba, yanzu ne lokacin gyara. Bayan walda sai dai a sake yankawa.

Ka huda ramuka a gefen sabon inda tsoffin ɗigon suke, ka fesa fenti mai zinki a fuskokin da za su haɗu, ka cike kowane rami da waldar MIG (walda mai aiki da waya da iskar gas) da waya mai milimita 0.6. Kada ka bi su a jere. Ɗaya nan, ɗaya can, kana barin wurin ya huce, in ba haka ba zafi zai lanƙwasa ƙarfen. Ka yi aikin inda iska ke shiga, don hayaƙin zinki yana sa zazzaɓi, kuma na'urar kashe gobara ta kasance kusa da hannu.

Ka gurje kan waldar sama-sama, ka fesa fentin ƙasa na efoksi (shafin farko mai manne wa ƙarfe), ka bi duk mahaɗa da gam ɗin toshe gaɓa, ka yi fenti. Daga nan ka zura siririn tiyo ka fesa kakin hana tsatsa a cikin kogunan da hannu ba ya kaiwa, domin zafin walda ya ƙone fentin da ke bayan ƙarfen, kuma daga can tsatsa ke sake farowa.