Lemu na kakkaɓe 'ya'ya tun ba su nuna ba: abin dubawa a gidajen Kumasi

Kafin ka sayi maganin feshi, tsinci abin da ya faɗo ka duba girmansa, don shi zai nuna maka inda matsalar take.

In 'ya'yan ƙanana ne kamar ƙwayar gyaɗa, makonni kaɗan bayan fure, bar bishiya ta yi aikinta. Lemu yana fure fiye da abin da zai iya ɗauka, cikin fure ɗari da kyar biyu ke kai wa nuna. Wannan ragewa ce, ba ciwo ba.

In sun kai ƙwan kaza suna zuba kore shar, fara zargin ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da ƙasa, kuma lemun da ke tsakar gida mai siminti, kamar a unguwannin Aboabo da Asawase, saiwarsa ba ta samun danshi. Babbar bishiya tana son ruwa galan Kufuor (babbar jarkar nan rawaya) biyu zuwa uku, sau biyu a mako. Zuba a hankali daidai inda inuwar rassa ta ƙare, ba a jikin gindi ba. Yayyafin kullum ba ya kai wa saiwa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa, amma bar tazarar taƙi ɗaya daga gindin. A watan Yuni kuwa ruwan ne ke yawa: in ya kwanta, saiwa ta ruɓe, ƙaro ya riƙa tsattsafowa daga ɓawo. Yanka wa ruwan hanya ya wuce. Ruwan wanki mai sabulu, wanda aka saba watsawa nan, a daina.

Taki: NPK 15-15-15 kilo 1 zuwa 2 a shekara ga bishiyar da ta fara haihuwa, rabi a Afrilu, rabi a Satumba, kan ƙasa mai danshi. Yawan yuriya ganye yake ƙarawa.

Wanda ya fi ɓarna shi ne ƙudan 'ya'yan itace. Lemu ya kusa nuna, sai ya yi rawaya a gefe guda ya faɗo. Yanka shi, za ka ga fararen tsutsotsi. Macen ce ta huda ɓawo ta sa ƙwai, tsutsar kuma a ƙasa take rikiɗa ta fito ƙuda. Saboda haka barin lemu a ƙasa kiwon ƙuda ne. Tsince duk bayan kwana biyu, ɗaure a baƙar leda, ajiye a rana mako guda, ko ka binne a rami mai zurfin rabin mita. Rataya tarkon methyl eugenol (sinadarin da ke jawo ƙudan), shagunan kayan gona suna sayarwa, sai dai maza kawai yake kamawa, ba ya maye gurbin tsintar. Ka ja maƙwabci mai mangwaro ko gwaiba cikin aikin, ƙudan iri ɗaya ne.

Ɗaga kai kuma ka duba kauci, tsiron da ke manne wa reshe yana tsotsar bishiya. In ya kama reshe, sare reshen daga ƙasan inda ya manne.