Yadda Ake Zaɓen Taya da Tif na Keken Tsere a Kwaltar Arewacin Kamaru

Keken tsere na farko da na mallaka na gwanjo ne, daga Turai ya zo, kuma tayar bayansa ta suɗe har zare ya fara leƙowa. Na shiga kasuwa a Garwa na ce a ba ni taya mai lamba 28, don abin da na gani ke nan a jikin tsohuwar. Aka ba ni, na biya, na kai wa wani dattijo mai faci a unguwarmu. Da ya ɗora ta a kan rim sai ta zauna sako-sako, kamar yaro ya sa hular babansa. Ya juya ta ya dubi gefenta, ya ce, "Ɗana, wannan ai ta babban keke ce, irin na ɗaukar kaya. Mayar musu tun ba su rufe ba." Na ce, "Baba, ai 28 aka rubuta." Ya ce, "Ba 28 ɗaya ba ce a duniya." Daga nan zan fara, domin a nan yawancinmu ke asarar kuɗi.

Mataki na farko: karanta lambar da ke gefen taya

Ka sunkuya ka duba gefen tayar da ke kan kekenka. Za ka ga rubutu irin 700x25C, kusa da shi kuma lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 25-622. Na biyun nan shi ne abin dogaro. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim ce daga inda bakin taya ke zama. Kusan duk keken tseren manya na yanzu 622 ne. Babban keken da muka taso da shi, mai 28 x 1 1/2, nasa 635 ne. Tsofaffin kekunan tsere masu inci 27 nasu 630 ne. Keken hawa dutse mai inci 26 nasa 559. Bambancin 622 da 630 milimita 8 ne kacal, ido ba ya ganewa a shago, amma tayar ba za ta zauna ba. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne wasu kamfanonin Turai ma suna kiran 622 da sunan 28. Tif ɗin Continental na keken tsere sunansa Race 28. Saboda haka idan ka je saye, ko ka aiki direba ya taho maka da ita daga Yawunde ko Duwala, rubuta masa 622 a takarda.

Mataki na biyu: faɗi

A nan nake so in daɗe, don na san zan saɓa wa wasu abokan hawana. Mun taso ana ce mana siririyar taya ita ce mai gudu, sai ka sa mai milimita 23 ka ɗura mata iska har ta yi tauri kamar ƙarfe. A kan kwalta mai sumul wannan yana da ɗan hujja. Amma wace kwalta muke hawa? Ka tashi daga Garwa ka nufi Pitowa da Figil a kan hanyar Marwa, ko ka haye gadar Binuwai ka yi kudu, za ka tarar da wuri mai kyau, ka tarar da faci a kan faci, da tsakuwa a gefe, da ramukan da manyan motoci suka haƙa. A irin wannan hanya taya mai tauri tsalle take yi. Duk tsallen da ta yi, ƙarfin ƙafarka ne ke tafiya a banza, kuma girgizar tana shiga wuyan hannu da ƙugu. Taya mai ɗan faɗi da iska daidai tana lanƙwasawa ta haɗiye tsakuwar ta wuce. Manyan 'yan tseren da ake kallo a gasar zagayen Faransa, inda Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ɗauki koriyar rigar wanda ya fi tara maki a 2024, tuni suka bar 23, yawancinsu 28 zuwa 30 suke hawa. In su da hanyoyinsu sun koma can, ban ga dalilin da zai sa mu tsaya a 23 ba.

Shawarata ita ce 28 idan kekenka zai ɗauka, in ba zai ɗauka ba 25. Hanyar ganewa: duba ratar da ke tsakanin taya da birki, da ƙarfen gaba, da ƙarafan baya kusa da feda. Ana son a samu aƙalla milimita 4 ta kowane gefe bayan an sa sabuwar. Kekunan gwanjo masu birkin da ke matse rim da yawansu a 25 suke tsayawa. Kada ka tilasta. Da damina laka da yashi za su cika ratar, su riƙa goge ƙarfen keken har su ci shi.

Mataki na uku: wane iri?

Iri uku ne. Akwai taya mai tif a ciki, wadda kowa ya sani. Akwai marar tif, wadda ake zuba wa wani farin ruwa mai toshe huda. Akwai kuma wadda aka ɗinke tif a cikinta ake manna ta da gam a kan rim na musamman, masu Faransanci na ce mata bwayo. Ta ukun a bar wa ƙungiyoyin da mota ke bin su da wilin canji a gasa irin ta zagayen Kamaru. Marar tif tana maganin ƙaya ƙwarai, sai dai dole rim ɗinka ya kasance an yi shi don ita, kuma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a zafinmu ma ya fi saurin bushewa, ga shi ba a kowane shago ake samunsa ba. Ga mai hawa a nan, mai tif ta fi kwanciyar hankali.

Mataki na huɗu: jikin tayar da maganar ƙaya

A kwalin taya za ka ga TPI da lamba. Adadin zaren da ke cikin inci ɗaya na ƙyallen da ke ƙarƙashin roba ke nan. Mai 60 zarenta kauri ne, tana da juriya da ɗan nauyi. Mai 120 ta fi laushi da gudu. Irin su Vittoria Corsa, masu ƙyallen auduga da 320, daɗin hawansu ba a magana, amma gefensu sirara ne, kaifin dutse ɗaya ya isa ya yanka su.

Maƙiyanmu a nan sanannu ne: tsidau da ke kwance a bakin hanya da ƙayoyinsa masu tsini ta ko'ina, ƙayar aduwa da ta bagaruwa da iska ko dabbobi ke jawowa kan kwalta, fasassun kwalabe a cikin gari, da siraran wayoyin da ke fita daga tayoyin manyan motoci in sun fashe. Wayar nan ita ce mafi mugunta. Ba ka ganinta, sai ka shafa cikin taya da yatsa a hankali ta soke ka. Don haka ka nemi taya mai ƙyallen kariya a ƙarƙashin inda ke taka ƙasa. Don atisayen kullum, irin Continental Gatorskin ko wata mai kama da ita ta Michelin, Schwalbe, Maxxis ko Kenda. Don ranar gasa, in aljihu ya yarda, irin Continental Grand Prix 5000. In kuɗin taya ɗaya mai kyau kawai gare ka, sa mai ƙarfin a baya, nan nauyi yake, nan kuma aka fi samun huda.

Bakin taya iri biyu ne: mai waya, wanda ba ya naɗewa, ya fi araha da nauyi, da mai zare mai ƙarfi wanda ake naɗewa a kwali. Dukansu suna aiki. Kafin ka biya, lanƙwasa gefen tayar ka duba. In ka ga ƙananan tsaga kamar ƙasar fadama da rani, ta daɗe a rana, bar ta komai arharta.

Mataki na biyar: tif

Tif, ko shambur kamar yadda wasu ke faɗa a nan, abu uku ake dubawa a jikinsa. Girma tukuna: a kwali za a rubuta misali 700x20-25 ko 700x25-32, ka tabbata faɗin tayarka ya faɗa tsakani. Ƙaramin tif a babbar taya yana miƙewa ya yi sirara, babba a ƙaramar taya yana ninkewa ya tsage.

Sai bawul. Keken tsere siririn bawul yake amfani da shi, mai suna Presta, mai ɗan kai da ake warwarewa kafin a sa iska. Bawul irin na babur da mota, Schrader, ya fi kauri, ba zai shiga ramin rim ɗinka ba. In mai gyara ya ce bari ya buɗa ramin da ƙarfe, kada ka yarda, rim ɗin siriri ne, zai raunana a wurin. Tsawon bawul ma abin lura ne: akwai 40, 48, 60 da 80. Auna zurfin rim ɗinka ka ƙara kamar milimita 20. Na taɓa ganin abokin hawa ya tsaya a bakin hanya da sabon tif a hannu, bawul ɗin ya leƙo da ƙyar, famfo ya kasa kama shi, sai da muka ba shi namu. Ka kuma nemi ɗan mahaɗin tagulla da ake ɗaurawa a kan Presta, da shi kowane mai faci zai iya sa maka iska. Amma ka tsaya a kansa, injinsa cikin ƙiftawar ido yake cika siririyar taya.

Na uku, abin da aka yi shi da shi. Baƙin tif na butil, mai nauyin kusan giram 100, shi ne namu: yana riƙe iska, yana karɓar faci da sholisho. Na lateks ya fi laushi da gudu, amma iskarsa na raguwa cikin dare ɗaya, kuma ba ya son zafi. Mai saukowa daga gangaren Ngaundere yana matse birki a kan rim, rim ɗin zai yi zafin da hannu ba zai taɓa ba, wannan ba wurin lateks ba ne. Sabon na TPU, mai kama da leda, giram 30 zuwa 40 ne, yana naɗewa ƙarami a aljihu, sai dai sholisho ba ya kama shi, facinsa daban ne. Kuma kowane iri ne, kada a yi masa facin wuta irin na babur.

Mataki na shida: iska

Matsa taya da yatsa ba awo ba ne, sayi famfo mai agogo, wanda ke nuna ƙarfin iska da ma'aunin da ake kira bar. Mai nauyin kilo 70 a kan taya 25 ya fara da bar 6 a baya, a kan 28 kuma kamar bar 5, gaba ta gaza baya da kaɗan. Mai nauyi ya ƙara, marar nauyi ya rage, kuma kada a wuce abin da aka rubuta a gefen taya. Iska tana kumbura da zafi: duk ƙarin digiri 10 yana ƙara kusan kwatan bar. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 kuma kwalta ta fi haka nesa, tayar da ka cika maƙil da asuba ta wuce ƙa'ida kafin azahar. In kuma ka faɗa rami ka ciro tif ka ga huda biyu a jere, rim ne ya datse shi, alamar iskar ta yi kaɗan.

Wajen ɗaurawa, fara duba ƙyallen da ke rufe ramukan wayoyi a cikin rim, in ya goce ko ya huje canza shi. Bi kibiyar da ke gefen taya in akwai. Sa wa tif 'yar iska ya ɗan yi siffa, barbaɗa masa hoda, shigar da bawul tukuna, sannan ka tura bakin taya da tafin hannu, ka ƙare a wajen bawul. Kada ka sa sukuddireba. Kafin ka cika iska, zagaya duka gefen biyu kana matsa tayar kana leƙawa, ka tabbata tif bai maƙale a ƙarƙashin bakinta ba. Ni nakan daidaita sunan kamfanin da ke jikin taya da bawul, ta yadda in na sami huda a tif, sai in auna daga bawul in san daidai inda zan nemi ƙayar a cikin tayar.