Yadda wanda aka yi wa dashen ɓargo tun yana yaro zai kama aiki ba tare da ya yi sakaci da lafiyarsa ba

A 1968 likita Robert Good na Jami'ar Minnesota ta Amurka ya dasa wa wani jariri ɓargon 'yar'uwarsa, jaririn kuma ya rayu. A 1984 aka fara ba da rahoton cewa dashen ya raba wata yarinya da sikila, a Nijeriya kuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara yin sa a 2011, yayin da iyalai da dama suka riƙa kai 'ya'yansu Indiya. Yaran da aka yi wa aikin a wancan lokaci yanzu sun zama samari da 'yan mata masu neman abin yi, kuma yawancinsu suna iya aiki kamar kowa, sai dai magungunan da aka kashe tsohon ɓargonsu da su kan bar tabo wanda ba ya bayyana sai bayan shekara goma ko ashirin. Idan kana cikinsu, shirin neman aiki da shirin kula da jiki tare za ka yi su.

Ka fara da takardunka tun kafin ka rubuta takardar neman aiki. Lokacin da aka yi maka dashen wataƙila ba ka wuce shekara bakwai ba, saboda haka tarihin jinyarka yana kan mahaifiyarka, ko yana cikin wata leda a ƙasan akwatinta tare da tsofaffin rasitai da hotunan ƙirji. Ka zauna da ita ku fito da su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hoton kowace takarda da waya, sannan ka roƙi likitan jini ya taƙaita maka su a shafi guda: cutar da ta sa aka yi dashen, shekarar da aka yi, wanda ya ba da ɓargon, sunayen magungunan da adadinsu, ko an gasa jiki da hasken rediyeshon, da kuma ko sabon ɓargon ya taɓa far wa jikinka, abin da likitoci ke kira GVHD. Wannan shafi shi ne zai gaya maka inda za ka sa ido. Maganin busulfan yakan taɓa haihuwa da huhu, hasken da aka haska wa jiki gaba ɗaya yakan kawo yanar ido da raunin tayirod da ke maƙogwaro, yana kuma ƙara haɗarin wata sabuwar sankara, maganin doxorubicin da ake ba masu sankarar jini yakan raunana zuciya, shan maganin sitiroyid na tsawon lokaci kuma yakan cinye ƙashi. Idan takardun sun ɓace, ka rubuta wa asibitin da ya yi aikin, ko da a wata ƙasa yake.

Bayan haka ka tsayar da ganin likita aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da kana jin garau. A auna jini da suga da hawan jini, a duba tayirod da hanta da ƙoda, a duba ido da fata da haƙori, a tabbatar an sake maka alluran rigakafi bayan dashen, domin kariyar da ka samu kana jariri takan tafi tare da tsohon ɓargo. Macen da aka haska wa jiki ana so ta fara gwajin sankarar mama tun tana da shekara 25, ko bayan shekara 8 da haskawar, duk wanda ya zo daga baya. A nan zan ja hankali kan gajiya, domin ita ce ta fi raba irin waɗannan matasa da aikinsu. Saurayi ya dawo daga shago da la'asar ya faɗi kan tabarma ko takalmi bai cire ba, 'yan gida su ce son jiki ne, shi ma ya fara yarda da hakan, alhali sau da yawa tayirod ce ta yi sanyi ko sinadarin balaga ya yi ƙasa, kuma duka biyun gwajin jini yana gano su, suna da magani.

Zaɓen sana'a kuwa sai ka yi shi da shafin nan a gabanka. Wanda GVHD ta taɓa masa huhu ba shi ba injin niƙa ko wurin yankan katako ko buhun siminti ko ɗakin kiwon kaji, saboda ƙura da funfuna suna iya mayar da shi gadon asibiti. Wanda kan ƙashin cinyarsa ya lalace, ko ta dalilin sikila ko ta sitiroyid, ya guji dako da tsayuwar yini, domin dashe yana hana sabuwar ɓarna ne, ba ya gyara ƙashin da ya riga ya mutu. Mai bushewar ido zai iya aikin kwamfuta, amma da ruwan ɗiga wa ido a aljihu, musamman da hunturu. Aikin rana yana buƙatar malafa da riga mai dogon hannu, ko da fatarka baƙa ce. Akwai kuma masu fama da mantuwa ko jinkirin fahimta, galibi waɗanda sikila ta taɓa musu ƙwaƙwalwa kafin dashen. Irin wannan mutum ya saba da rubuta duk umarnin da aka ba shi a ƙaramin littafi, ya nemi aikin da ake yin abu ɗaya a gama kafin a kama wani. Wanda likita bai sami komai a jikinsa ba kada ya ƙaƙaba wa kansa takunkumi.

Tambayar da ta fi damun mutane ita ce ko su faɗa wa mai ɗaukar aiki. A ganina ba dole ba ne ka buɗe tarihinka a zaman tantancewa, amma gwajin lafiya na kama aiki wuri ne da ɓoyewa ke jawo rikici, domin rukunin jininka yana iya komawa na wanda ya ba ka ɓargo, sai sakamakon ya saɓa wa tsofaffin takardunka. Ka je da wasiƙar likitanka. Idan ka kama aiki, ka je wa shugabanka da buƙata ƙayyadaddiya maimakon dogon labari, ka ce: "Ranka ya daɗe, an yi mini aiki ina yaro kuma na warke, amma ina da ganin likita sau biyu a shekara, zan kuma sanar da kai mako biyu kafin ranar." Shugaba ya fi saurin amincewa da abin da zai iya sawa a jadawali. Idan dashen ya bar maka naƙasa ta dindindin, dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta hana a ware ka, ta kuma tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ko da yake aiwatar da ita yana tafiyar hawainiya. Mai shirin bautar ƙasa ya sani cewa ana iya neman sauyin jiha bisa dalilin lafiya, don haka ya tafi sansani da rahoton likita. Kafin ka karɓi albashi kuma ka tambayi ko akwai inshorar lafiya da abin da take biya. Mai sana'ar kansa ya yi rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiharsa, ya ware kuɗin gwajin shekara kamar yadda yake ware kuɗin haya.

Akwai nauyin da ba a gani a gwajin jini. Wani ya san an sayar da gona ko fili domin a kai shi asibiti, ƙanwarsa ce kuma ta kwanta aka ɗebi ɓargonta, sai ya ji kamar bashi ne da ba zai taɓa biya ba, ya riƙa aiki ba hutu har jiki ya gaza. Wata kuma iyaye ne ke riƙe da ita, ba sa barinta ta kama aiki a wani gari, domin har yanzu yarinyar da ke kwance a ɗakin keɓewa suke gani. Idan rashin barci ko faɗuwar gaba ko yanke ƙauna ya wuce mako biyu, ka faɗa wa likita kamar yadda za ka faɗi zazzaɓi, kuma ka nemi likitan ya zauna da iyayenka ya bayyana musu abin da jikinka zai iya.

Da zarar aiki ya kankama, maganar aure za ta taso. Wanda aka yi wa dashe saboda sikila, gwajin jini zai nuna AA ko AS irin na wanda ya ba shi ɓargo, amma abin da zai gadar wa 'ya'yansa bai sauya ba, kowane ɗa zai ɗauki S daga gare shi. Tun da Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, takardar gwajin tana iya ruɗin iyalai biyu, saboda haka ka nuna wa likitan da zai yi gwajin shafin tarihinka, ka kuma nemi a duba maka ƙarfin haihuwa kafin a sa rana.